Jan farce mai canza kala ya ƙi canzawa a hannuna, jabu ne ko ni ce ban iya sawa ba?

Tambayar wata ƙanwarmu ce daga nan Maraɗi, ga yadda ta rubuto: "Salam Anti, na sayi jan farce mai canza kala, a bidiyo na ga yana tashi daga shuɗi mai duhu ya koma ruwan hoda, amma ni da na sa kala ɗaya ya tsaya, kuma kwana biyu ya fara ɓarewa. Bikin ƙawata ya matso. Jabu aka saida min ko ni ce ban iya ba? Kuma ya zan yi da salla?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai mu bikin lafiya ya sa alheri. Ki kwantar da hankalinki, mai yiwuwa ba jabu ba ne. Daga yadda kika kwatanta na gane irin da kika saya, mai bin zafi da sanyi ne, shi kuwa wanga irin da garinmu ba su cika jituwa ba sai da hunturu. Ni aikina kenan, lalle da gyaran akaifa na amare da ƴan rakiyarsu, kuma wanga ƙorafi naki duk bazara sai an kawo min shi.

Matsalar daga kasuwa take farawa, don duk abin da ya canza kala suna ɗaya ake kiransa alhali ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai bin zafi, akwai mai bin hasken rana, akwai wanda kalarsa ke juyawa in kin karkata hannu, akwai kuma na maganaɗisu mai zane kamar idon mage. Mai shago sau da yawa shi kansa bai bambance ba, katon ya sauko daga Kano ko ta hanyar Jibiya ya jera a kanta, in kin tambaya ya ce ai duk suna canzawa hajiya.

Naki, in kin duba jikin kwalbar wataƙila ki ga an rubuta thermal ko thermo. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace ƙwaya an rufe rini a cikinta tare da wani abu mai kama da kakin zuma. In akwai sanyi abin nan yana daskare, rinin ya nuna kalarsa mai duhu. In zafi ya kai wani mataki sai ya narke, rinin ya zama ba shi da kala gaba ɗaya, sai ki ga kalar da ke ƙasa wadda dama can tana nan, ita ce ruwan hodan da kike gani. Wato ba wata sabuwar kala ba ce ke zuwa, ta saman ce ke ɓacewa ta dawo. Shi ya sa kusan kullum kalar sanyi ta fi duhu, ta zafi ta fi haske. Matakin da yake juyawa kuwa yawanci wajen digiri 30 zuwa 32 ne, an zaɓe shi ne don ya yi kusa da ɗumin yatsun mutum.

To yanzu ki duba Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, rana tana kai digiri 40 har ta wuce, ɗaki da kansa in kwano ne ko da dare bai huce ba. Hannunki da ɗumi, iska da zafi, ruwan famfo ma da ya kwana a tanki da ɗumi yake fitowa, ina jan farcen zai samu sanyin da zai juya? Zai zauna a kalarsa ta zafi tun safe har dare. Masu bidiyon nan da kika gani kofi biyu suke ajewa, ɗaya ruwan ƙanƙara ɗaya ruwan zafi, su tsoma nan su tsoma can, kuma mafi yawansu a ƙasashen sanyi suke inda fita waje kaɗai ya isa ya juya kalar.

Ga yadda za ki gane ko naki na da rai. Ki samu ruwan leda mai sanyi sosai ko ƙanƙara ki zuba a kofi, ki tsoma yatsa ɗaya kamar daƙiƙa 20, in kin ga ya yi duhu to lafiyarsa ƙalau, garin ne bai ba shi dama ba. Kwalbar ma kina iya tsoma ta haka, kuma wanga gwaji ya kamata kowa ta yi tun a shago kafin ta miƙa kuɗi. In kuwa kin tsoma bai motsa ba ko kaɗan, ya mutu. E, yana mutuwa. Rinin nan ba ya son rana da zafi mai yawa, masu yin sa da kansu suna cewa wata shidda zuwa shekara ne ƙarfinsa, bayan nan sai ya maƙale a kala ɗaya. Dangin rinin da ke jikin takardar rasit ne, irin wadda inji ke bugowa a farmasi ko wurin aika kuɗi, wadda in ta jima a rana rubutun ke gogewa. Kwalbar da ta sha hanya cikin babbar mota ta zo ta zauna bisa tebur a Babbar Kasuwa rana na dukanta wata da watanni, ko kamfanin kirki ne ya yi ta, tana iya mutuwa kafin ta iso hannunki. In naki ya mutu kar ki zubar, jan farce ne har yanzu, kala ɗaya ce dai, kuma ba abin da za a zuba a ciki ya farfaɗo da shi, duk wadda ta ce miki ki sa shi firigo zai tashi ba ta san abin ba.

Lokacinsa a wurinmu Disamba da Janairu ne, sanda asuba ke sauka wajen digiri 15 iskar hunturu na kaɗawa. A lokacin yana da daɗin kallo gaskiya, ki fito da safe ya yi duhu, ki riƙe kofin shayi ya washe a gabanki. Wani abu kuma, kala biyun nan da kike gani a akaifa ɗaya a hoto, gindi haske baki duhu, sai mai doguwar akaifa, don bakin da ya wuce nama ba ya samun ɗumin jiki sai ya fi sanyi. Mu da ke yanke akaifa, ga hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim cewa kar a bar ta ta wuce kwana 40, ga aikin gida, ba kasafai muke samun wanga tsawo ba, akaifa kusan milimita 3 kawai take yi a wata.

Don haka in shawarata kike so kan biki, ki bar mai bin zafi ki nemi mai juyawa da karkatar hannu. A kwalba ana rubuta multichrome, ko duochrome, ko caméléon in daga ɓangaren Faransa ya zo. Shi ba rini ne ke aiki a cikinsa ba, wasu ƴan mitsi-mitsin ɓawo ne masu faɗi da aka lulluɓe da shimfiɗa sirara ƙwarai hawa-hawa, haske in ya sauka wani ya dawo daga hawan sama wani daga na ƙasa, su haɗu, wata kala ta ƙarfafa wata ta mutu, kuma wadda za ta fito ta danganta da ta ina kike kallo. Kin san wuyan tantabara in ta juya kai, yanzu kore yanzu shunayya, to hikimar ɗaya ce. Irin wanga fenti har motoci ana yi wa, har a takardar dalar Amurka akwai tawada mai wanga hali. Abin da ya sa nake son shi wa matan garinmu, ba ruwansa da zafi, ba ya mutuwa a kwalba, ba ya buƙatar doguwar akaifa, kuma a wurin biki hannu ba ya zama wuri ɗaya, ana tafi ana liƙi ana ɗaukar hoto, kowane motsi kala ce daban. Sai dai ki sani ya fi nuna kansa a inuwa ko hasken ɗaki, in rana ta take shi kai tsaye ƙyalli ne zai yi yawa ya rufe juyin. Kuma kwalba tana ɗan ƙara gishiri, gilashinta a lanƙwashe yake shi ya sa kike ganin kala huɗu biyar a gefenta, a akaifa biyu ko uku za ki samu.

Sirrinsa baƙi ne a ƙasa. Da yawa daga cikinsu shara-shara ne, in kin sa bisa akaifa tsura haske zai ratsa ya dawo ya wanke kalar, ki ga wani ƙyalli-ƙyalli marar ma'ana ki ce an cuce ki. Ki fara shafa baƙin jan farce hawa ɗaya ya bushe, sannan ki ɗora shi, nan take za ki ga bambanci. Shi kuwa mai bin zafi akasin haka ne, fari ko ruwan madara ake sa masa a ƙasa, in kin sa baƙi kin kashe shi.

Mai bin rana ba zan tsaya kansa ba, a ɗaki fari-fari ne in kin fita ya ɗauki kala, rana kam muna da ita, amma shi ma yana gajiya da sauri kamar mai bin zafi. Na maganaɗisu kuma garin ƙarfe ne a ciki, ana shafawa da ɗan kauri a kanga maganaɗisun kusa da akaifa tun yana ɗanye kamar daƙiƙa 15 ba tare da ya taɓa ba, yatsa ɗaya bayan ɗaya, in kin shafa duka goma kafin ki ɗauko maganaɗisun ya riga ya kama.

Yanzu maganar ɓarewa a kwana biyu, wagga kam yawanci daga shiri ne. Jan farce ba ya kama maiƙo kuma ba ya kama jiƙaƙƙiyar akaifa. Mu kuwa da mun fito wanka sai mai, man kaɗe ne, basilin ne, humra ce, sannan a zauna a ɗauko kwalba. Akaifa tana shan ruwa ta ɗan kumbura, in kin shafa a haka tana bushewa ta koma yadda take sai fentin ya saki. Ki ba da kamar awa ɗaya bayan wanka ko wanke-wanke. Ki tura fatar gindin akaifa baya a hankali da ɗan tsinke mai faɗin baki, don Allah kar a yanke ta da reza, ita ce ke tare datti da ƙwayoyin cuta, yankan ta ne ke kawo kumburin gefen yatsa mai ruwa. Ki daidaita bakin akaifar, sannan ki goge kowace ɗaya da auduga da alkol na farmasi ko ruwan goge jan farce, daga nan kar ki sake taɓa fuska ko gashi.

Sai na ƙasa, wanda ake rubuta base coat, hawa ɗaya siriri. Mata da yawa suna tsallake shi don tsimi, shi ne kuwa ke riƙe kalar kuma ya hana akaifa rinewa ta koma rawaya, balle in baƙi za ki ɗora. Kwalbar kalar kar ki girgiza ta, ki murza ta tsakanin tafin hannu biyu sosai, don ƙwayoyin suna kwantawa ƙasa, girgizawa kuma iska take cusawa ta fito miki da ƙuraje bisa akaifa. Ki share gefe ɗaya na burushin a bakin kwalba, ki aje ɗigon kusa da gindi ba tare da ya taɓa fata ba, ja ɗaya a tsakiya, ɗaya dama, ɗaya hagu, shikenan ki bar shi. Hawan farko zai yi muni, zane-zane da huji-huji, kar ki biye masa ki yi ta komawa, na biyu ne zai gyara. Sirara biyu ko uku sun fi mai kauri ɗaya nesa ba kusa ba, mai kauri sama ce ke bushewa ciki ɗanye, ki kwanta ki tashi ki ga zanen zanin gado a jiki. Tsakanin kowane hawa ki jira minti uku zuwa biyar. Kuma kowane hawa ki ɗan goga burushin a bakin akaifar, kaifin nan na gaba, ki rufe shi, don daga nan ɓarewa ke farawa. Mai juyawa da karkata yana tona asirin kowane zane na burushi, to ja ɗin ya zama doguwa daga gindi har baki ba tsayawa, kuma duk hanya ɗaya.

A zafinmu fenti yana fara kamawa tun yana kan burushi, saboda haka ki yi da sassafe ko bayan isha'i in gari ya ɗan huce, kar ki bar kwalba a buɗe kina hira. Kar ki zauna gaban fanka kai tsaye, da hunturu kuma ki rufe taga, ƙura tana manne wa ɗanyen fenti ba ta fita. A ƙarshe ki rufe da na sama mai sheƙi, top coat, shi ma har baki. Minti 15 zai bushe a taɓa, amma bai yi ƙwari ba sai bayan awoyi, daren nan ba wanki ba ruwan zafi. In kina sake shafa na saman bayan kwana biyu-biyu, kina sa safar hannu ta roba wajen omo da ruwan jabel, zai kai miki kwana biyar zuwa sati.

Tunda biki ne na san akwai lalle. Lalle a fara, a wanke, hannu ya bushe, man da aka shafa a goge shi daga akaifa, sannan jan farce. In an riga an ƙunsa miki jan lalle har akaifa, wanga ja ba ya goguwa don ya shiga jikinta ne, sai ta tsiro ta fita, wata huɗu zuwa shidda. Zai leƙo ta ƙarƙashin duk fenti shara-shara, musamman mai bin zafi in ya washe, ruwan hodanki ya koma wani ruwan goro-goro. Maganinsa shi ne hawan nan na fari ko baƙi da na faɗa, ya rufe ruf. In kin san za ki sa jan farce ki gaya wa mai lalle tun farko ta tsallake akaifa.

Za ki ji ana cewa ki je a yi miki na jel ya fi daɗewa, ko a murza miki hodar nan mai sheƙi kamar madubi. Gaskiya ne ya fi kyau kuma yana kai sati biyu zuwa uku, amma ina da magana a kai. Jel ba ya bushewa da iska, sai an sa hannu cikin fitilarsa ta musamman, daƙiƙa 30 zuwa 60 kowane hawa. In fitilar ba ta da ƙarfi, ko an ɗauke wuta a tsakiyar aiki aka ce ki shanya hannu a rana, sama za ta yi tauri ƙasa ɗanye, ɗanyen jel kuwa in yana taɓa fata yana jawo borin jini, ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar bakin yatsu, wani lokaci har fatar ido, kuma in jiki ya riga ya tsane shi ba ya mantawa, har wajen cikon haƙori yana iya dame ki don sinadaran dangi ne. Ba wasa ba ne, Tarayyar Turai tun 2021 ta ce jel mai wani sinadari da ake kira HEMA sai ƙwararru kaɗai, kuma daga 1 ga Satumba 2025 ta hana wani da ake kira TPO a kayan kwalliya gaba ɗaya. Ki duba bayan kwalba kafin a sa miki. Kuma in jel ko akaifar roba ta ɗaga ruwa ya shige kika ga wurin ya yi kore, a cire nan take a bar shi ya bushe, kar a rufe da wani fenti, in bai tafi ba ki ga likita.

Maganar salla, ni ba malama ba ce amma abin da malamanmu suke karantarwa a fili yake, duk abin da ya yi ɓawo ya hana ruwa taɓa akaifa, alwala da wankan tsarki ba su inganta da shi. Lalle ya sha bamban don kala ce kawai yake bari ba ɓawo. In kin yi alwala sannan kika shafa, kina salla da wagga alwala har ta warware, daga nan sai kin goge, ba a shafa bisansa kamar huffi. Shi ya sa mafi yawanmu lokacin fashin salla muke sawa, kuma a nan ne jel ba ya da riba, kin biya kuɗin sati uku za ki cire cikin kwana biyar ko bakwai, cirewar ma sai an jiƙa da asiton, wato ruwan goge jan farce mai ƙarfi, an naɗe minti 10 zuwa 15. Akwai wanda ake tallatawa wai ruwa na ratsa shi, irin O2M na kamfanin Inglot, malamai sun yi saɓani a kansa, ki tambayi malamin da kika amince da shi. Amma ta fuskar sana'a zan gaya miki, na ƙasa da baƙi da kala hawa biyu da na sama, hawa biyar kenan, kar wani ya ce miki ruwa zai ratsa wanga.

In bikin bai faɗo cikin kwanakin fashinki ba, hanya biyu gare ki. Ko ki yi alwala ki shafa bayan magariba ko isha'i don zaman dare, ki goge kafin asuba, a nan na ƙasa mai ɓarewa da hannu yana taimako, ana saida shi, ɗaga gefe kawai za ki yi ya fito gaba ɗaya. Ko kuma ki sayi akaifun roba gajeru daidai hannunki, ki yi musu fentin tun kwana biyu kafin biki a natse suna aje bisa faranti, ranar ki manna su da ƴar takardar manne mai fuska biyu, ba gam mai ƙarfi ba, lokacin alwala ki cire ki goge wurin ki maida bayan salla. Wasu malamai ba sa son akaifar roba, wanga ma ki tambaya.

Wajen gogewa, mai ƙyalli da baƙi suna da taurin kai, kar ki kankare da haƙori ko wuƙa, saman akaifar kike ɓarewa tare da shi. Ki jiƙa auduga ki danna bisa akaifa kamar rabin minti sannan ki ja zuwa baki, ki bi gefe-gefe da gindi da tsinke mai auduga don nan yake laɓewa, musamman in wankan tsarki za ki yi, ki duba a haske. Bayan nan ne lokacin man kaɗe, ki shafa sosai don asiton yana busar da fata.

Kwalaben kuma ki goge bakinsu ki ɗaure murfi tam, ki sa su cikin kwali ko gwangwani a wuri mai duhu da ya fi ko'ina sanyi a ɗakin, ƙasan gado ko kusa da randa, ba bisa taga ba, ba cikin jakar da ke yawo a adaidaita ba. In ya yi kauri kar ki zuba masa ruwan gogewa, lalata shi yake ya dushe ya riƙa tsagewa, akwai ruwan sirantawa nasa daban, ɗigo biyu uku ya isa. Kuma don Allah ƙanwata, jan farce da asiton duka suna kama wuta da sauri, gidan biki kuwa ba ya rabo da kaskon turaren wuta, in za ku zauna shafawa ku fitar da kaskon daga ɗakin tukuna, ku buɗe ƙofa iska ta shiga, yara ƙanana kuma a ɗauke kwalaben daga inda hannunsu zai kai.